Maganin da Ya Karɓi Yasmin

Zalihatu da Balaraba uwa ɗaya uba ɗaya suke. A unguwar Williamsville suka tashi, a irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Zalihatu ce babba. Tun tana ƙarama take bin mahaifinsu, marigayi Malam Gwadabe, zuwa kasuwar Marché Gouro inda yake sayar da albasa. A kasuwar ta girma, a can kuma ta haɗu da mijinta Kailu, mutumin Galmi da ke kawo albasa daga Nijar. Balaraba kuwa lekol, makarantar boko, aka sa ta. Ta yi karatu, ta sami aikin sakatariya a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ta auri malamin makaranta, suka kama gida a bene a Treichville.

Ba a taɓa jin kansu ba. Sai dai Zalihatu ta daɗe tana gani cewa duk abin da ƙanwarta ta taɓa sai ya yi kyau. Abu ɗaya take da shi wanda Balaraba ba ta samu ba, shi ne kamannin mahaifinsu. Tsofaffin kasuwa in sun gan ta sai su ce, “Gwadabe bai mutu ba.” Autanta Nazir ma haka ya ɗauko fuskar, har da dogon wuyan.

A daminar 2007 Nazir, yana ɗan shekara bakwai, ya kama wani tari da ya ƙi tafiya. In ya yi gudu kaɗan sai ya tsaya ya dafa gwiwa, ƙirjinsa na fito. Ba a jima ba Yasmin, 'yar Balaraba tilo, ta soma irin nasa. Maƙwabta suka ce warin gubar nan ce da aka zubar a gari bara. Balaraba ba ta tsaya sauraron su ba, ta nemo wata likitar yara a wani asibiti mai zaman kansa a Treichville, Dokta Yapi, ta karɓar wa yaran biyu rana ɗaya.

Likitar ta saurari ƙirjin kowanne, ta ce asma ce. Ta rubuta musu magani iri ɗaya, abin fesawa a baki guda biyu da ake kira pompe: mai ruwan ƙasa a shaƙa kullum safe da yamma, shuɗin kuma sai numfashi ya toshe. Da Faransanci ta yi bayani, da sauri, Balaraba na juya wa yayarta zuwa Hausa. Zalihatu tana jin Faransancin kasuwa, amma a ɗakin nan mai sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, sai ta ji harshenta ya yi nauyi. Duk abin da aka tambaye ta game da ɗanta, kafin ta haɗa amsa Balaraba ta riga ta ba da.

Magani ya karɓi Yasmin. Kafin damina ta ɗauke ta daina tari, ta yi kumatu. Nazir kuwa yana nan jiya i yau.

Kowace Lahadi suna haɗuwa wurin mahaifiyarsu, Inna Baraka, wadda har yanzu ɗakinta ke jere da na Zalihatu. Yasmin na sauka daga motar haya ta woro-woro sai ta cire takalmi ta shiga cikin yaran gida, a yi ta tsallen igiya, a yi ta guje-guje tsakanin bokitai da shanya. Nazir yana zaune a dokin ƙofa da ƙwallonsa a cinya, yana kallo. Yaro ne da ba shi da magana sai ta ƙwallo. In ya kasa daurewa ya tashi ya buga sau biyu, sai a ji fiton nan, ya dawo yana neman shuɗin pompe.

Wata Lahadi matar da ke ɗakin ƙarshe ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon Yasmin ta ce, “Kai, 'yan boko sun iya rainon ciwo. Kamar ba ita ba.”

Zalihatu na tankaɗen gari, ba ta ɗago ba.

Balaraba ta matso kusa da ita ta rage murya. “Yaya, kina dai ba shi safe da yamma ko? Ba a tsallakewa.”

“Ina ba shi.”

“Kina girgizawa kafin ki fesa? Don in ba a girgiza ba…”

“Balaraba, 'ya'ya uku na haifa kafin ki san hanyar asibiti.”

Balaraba ta ja baya. Can ta ce ranar komawa wurin likita ta kusa, za ta nemi izini a wurin aiki su je tare. Zalihatu ta ce motar albasa za ta iso ranar. Da ranar ta sake zagayowa ta ce Inna ba ta jin daɗi. Gaskiyar ita ce ba za ta iya sake zama a ɗakin nan ba, a ɗora Yasmin a kan sikeli ana yabo, sannan a juyo kan ɗanta ana tambayar me ta yi ba daidai ba, ƙanwarta na fassara mata laifinta. Sai ta ci gaba da sayen magani da tsohuwar takarda a farmasin unguwar Adjamé.

A kasuwa tana da maƙwabciyar rumfa, Jamilatu mai barkono, wadda ba a kawo zance ta rasa abin cewa. Da Zalihatu ta ba ta labari sai ta taɓe baki.

“Ke ma dai. Wadda ke aiki a bakin ruwa, kina zaton irin naku take saya? Su na gaske suke samu, daga jirgi. Mu na Adjamé sai abin da aka rage.”

“Kwalin iri ɗaya ne.”

“Kwali ai kwali ne.”

Zalihatu ta ce Balaraba ba za ta ɓoye mata abu irin wannan ba. Amma maganar ta bi ta gida. Ta riƙa tunawa da yadda Balaraba ke ciro pompen Yasmin daga wata 'yar jaka mai zif, a tsabtace, kamar sabo kullum. Ta riƙa tunawa da ranar da Yasmin ta zo ta tsaya gaban Nazir tana haki don gudu, ba don ciwo ba, ta ce masa, “Tashi mana, ai ni na warke.” Ba ta taɓa tsanar yarinyar ba. Ita ta yi mata wankan farko. Amma a 'yan watannin nan in ta ji dariyarta a tsakar gida sai wani abu ya tokare mata ƙirji, har ta kan shiga ɗaki ta sa labule.

Ranar sunan ɗan da aka haifa wa ƙaninsu Jabiru, a Adjamé Liberté, mata suka jibge jakunkuna da mayafai a kan gadon maijego suka fita wurin rabon abinci. Zalihatu ta shigo ɗaukar faranti, ta ga jakar Balaraba a buɗe, 'yar jakar zif ɗin na leƙowa. Ba ta shigo da niyya ba. Ta tsaya tana jin hayaniyar mata a waje, sannan ta zuge zif ɗin, ta ɗauke guda biyun, ta ciro na Nazir daga lalitarta ta sa a madadinsu. Da ta riƙe shuɗin Yasmin ta ji ya fi na ɗanta nauyi, sai zuciyarta ta ce mata ga shaida, na gaske ne. Ba ta kawo a ranta cewa nauyin don ba a cika taɓa shi ba ne, na Nazir kuma ya kusa ƙarewa.

Ta soma ba shi da yammar ranar. Ta yi ta sauraron ƙirjinsa kwana da kwanaki, tana jiran ranar da zai tashi da gudu. Fiton bai ragu ba.

Sati na biyu, da hantsi, tana auna wa wata mai gidan abinci albasa, wayarta ta yi ƙara. Jabiru ne. Ya ce Yasmin ta faɗi a lekol wurin wasan motsa jiki, an fesa mata pompe babu abin da ya fito, yanzu tana asibitin Dokta Yapi an sa mata iska.

Zalihatu ta bar rumfar a hannun Jamilatu ta hau ƙaramar bas ta gbaka. A kan gada motoci suka cunkushe, ta zauna tana kallon ruwan tafkin lagun, tana addu'ar da ba ta iya ƙarasawa.

Ta tarar da Yasmin a kwance da roba a hanci, idonta biyu, numfashi ya soma daidaita. Yarinyar ta ɗaga mata hannu ta ce, “Tanti,” yadda take kiran yayar uwarta. Balaraba na zaune a gefen gadon da kayan aikinta, takalmi ɗaya a cire. Ta miƙe ta ce, “Yaya, zo mu fita waje.”

A baranda ta buɗe tafin hannunta. Shuɗin pompe ne. Ta juya gindinsa, ga ɗan hoton giwa na ƙungiyar ƙwallon ƙasa a manne, irin wanda ake samu a cikin cingam. Nazir ne ya manna abinsa, uwarsa ba ta taɓa lura ba.

“Na wane ne wannan?”

Zalihatu ta kalli giwar. “Na Nazir ne.”

“Yara ne suka musanya?”

Hanya ce ƙanwarta ta buɗe mata, ta kuma gane. Amma ta gaji.

“Ni ce.”

Balaraba ta jingina da bango. Ba ta ɗaga murya ba. “Me na yi miki?”

“Ba ki yi mini komai ba. Rana ɗaya muka shigo nan, takarda ɗaya aka ba mu. Taki tana tsalle, nawa yana zaune kamar tsoho. Kowa na cewa ke kin iya. Na ce ko naki daban ne, ba ki faɗa mini ba.”

“A farmasin bakin titin nan nake saya. Da kin tambaye ni, da na cire na ba ki da hannuna.” Ta share ido da bayan hannu. “Babu komai a cikinsa, Yaya. Maîtresse, malamarsu, ta yi ta dannawa, yarinya na kallon ta.”

Zalihatu ta sake kallon pompen da ke hannun ƙanwarta.

“Ya warke, da kika ba shi nata?” in ji Balaraba.

“A'a.”

“To gobe ki kawo shi. Ni ba zan shiga ba. Ki shiga ke kaɗai, likitar tana jin yaren Dioula.”

Washegari ta zo da Nazir, Inna Baraka ta ce sai ta biyo su. Dokta Yapi mace ce gajera mai furfura a goshi. Da ta ji Zalihatu ta gaishe ta da Dioula sai ta ajiye Faransanci, ta amsa da irin Dioulan kasuwa. Ba ta yi zancen abin da ya faru jiya ba, ko da yake da alama ta sani. Abin da ta fara tambaya shi ne me ya hana a dawo da yaron tun tuni.

“Na zaci za ki ce ni ce ban iya ba.”

“Nuna mini yadda kike ba shi.”

Zalihatu ta girgiza, ta fesa, Nazir ya ja ya riƙe. Likitar ta ce daidai ne. Ta sa aka ɗebi jininsa, aka kuma ɗiga masa wasu ruwaye a jere a dantse, aka ɗan tsaga fatar kowane ɗigo. Bayan ɗan lokaci wuri ɗaya ya tashi ya yi ja kamar cizon cinnaka.

“Wannan na kyankyaso ne,” in ji likitar. “Na Yasmin da na yi mata, ba nan ya tashi ba, na ƙwarin katifa ne ya tashi.”

“Ba ciwo ɗaya ba ne ke nan?”

“Suna ɗaya ne, fito ɗaya ne, amma abin da ke faruwa a ciki ba lalle ya zama ɗaya ba. Jikin kowa yana da masu tsaronsa, su ke yaƙar cuta. A yaro mai asma masu tsaron nan suna da saurin fushi. Abin da ba cuta ba, ƙura ko hayaƙi, sai su tasar masa, hanyar iska ta kumbura. To wane abu ne zai tayar da su, da wace irin runduna za su fito, da kuma ko za su ji lallashin magani, da yawa daga ciki gado ne. Da shi aka haifi yaro. Na Yasmin irin waɗanda wannan maganin ke kwantarwa da wuri ne. Na ɗanki sun fi taurin kai.”

“Amma ni da uwarta ciki ɗaya muka fito.”

“Ciki ɗaya, amma ba rabo ɗaya ba. Abin da kika ɗauko daga iyayenku ba shi ta ɗauko duka ba, kusan rabi kuka haɗa. Sannan kowane yaro ya ƙara da na ubansa. Kuma ba abu ɗaya ba ne, ƙananan bambance-bambance ne masu yawa suke taruwa. Ina ganin wa da ƙani a ɗakin nan, uwa ɗaya uba ɗaya, magani ya karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya.”

 Wani tunani ya zo wa Zalihatu, ta kama shi da sauri. “To daga wajen ubansa ne. Mutanen Nijar ne su.”

“Ban da abin da zan auna in gaya miki haka. Masu bincike ma yanzu suke tonowa. A danginku akwai mai irin wannan numfashin?”

Zalihatu ta ce babu. Inna Baraka ta gyara mayafi.

“Akwai. Malam ne. Ku kun tashi kun ga yana fita da asuba kuna cewa sammako ne. Iska yake nema. In an sauke sabon buhu a ɗaki, ranar ba ya iya kwanciya sai a jingine. Ya hana ni faɗa, wai kada a ce ɗan kasuwa ba shi da ƙarfi.”

Zalihatu ta juya ta kalli ɗanta, dogon wuyan nan da ƙashin ƙirji a waje. Duk shekarun nan tana jin daɗi in an ce shi da ita ne suka ɗauko Gwadabe.

Likitar ta ce wannan ma ba hujja ba ce cewa daga can kaɗai ya fito, kuma ba laifin kowa ba ne. Ta tambayi inda suke kwana da abin da ke ɗakin. Zalihatu ta lissafa: gado, katifar yara, kwanuka, buhunan albasar da Kailu ke ajiyewa in rumfa ta cika, da murhun gawayi da take shigowa da shi in ana ruwa.

“Gadon da ya ɗauko ba zan iya canza shi ba,” in ji Dokta Yapi. “Abin da ke tsokanar sa za mu rage, maganin kuma mu sake lale.”

Ta ƙara ƙarfin mai ruwan ƙasan, ta haɗa masa da wata ƙwaya ta taunawa kullum da yamma. Ta ɗauko gorar ruwa ta roba da aka huda gindinta, ta nuna musu yadda za a cusa bakin pompe a hudar, a fesa a ciki, yaro ya ja a hankali ta bakin gorar don maganin ya isa can ƙasa. Ta ce ko wannan ɗin ma gwaji ne, in bai karɓe shi ba a dawo a sake, kada a zauna a gida.

Kailu bai so fitar da buhunan ba, ya ce ɓarayi. Zalihatu ba ta yi gardama da shi ba. Da ya fita kasuwa ta kira masu amalanke suka kwashe su zuwa shagon wani ɗan garinsu. Da aka ɗaga na ƙarshe, kyankyasai suka watsu ko'ina a siminti, har matan gidan suka fito da takalma. Ta wanke ɗakin, ta sa aka toshe tsagogin bango, murhu kuma bai sake shiga ba ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Sauƙin bai zo irin na Yasmin ba. A hankali ya zo, yana yi yana komawa. Sai da aka sake canza awon maganin kafin Nazir ya soma yin sati bai nemi shuɗin ba. Gudu mai tsawo har yanzu yana tayar masa da fito, don haka yaran unguwa suka sa shi a gola, ya kuwa riƙe wurin da gaske, yana dawowa da gwiwoyi a kurje. Zalihatu ke kai shi Treichville da kanta duk ranar da aka ba su, ta zauna ta yi wa likita bayani da bakinta.

Tsakaninta da Balaraba kuwa abin ya yi sanyi. Ta je har gida ta ba da haƙuri, mijin Balaraba ya amsa gaisuwarta a tsaye ya shige ɗaki. Balaraba ta ce ya wuce, amma Lahadi da yawa ba ta zo Williamsville ba, in ta zo ma ba ta daɗewa.

Bayan fiye da shekara, wata ranar Asabar da rana, Zalihatu na zaune a rumfa tana ware albasar da ta soma tsiro, sai ta ga ƙanwarta na ratsowa tsakanin buhuna tana ɗage zane saboda caɓi. Rabon Balaraba da shigowa Marché Gouro tun rasuwar mahaifinsu. Suka gaisa, Zalihatu ta jawo mata benci.

“Daga wurin Dokta Yapi muke,” in ji Balaraba. “Ta ce a dakatar wa Yasmin da na kullum ɗin, a ga yadda za ta yi. Na ce gara ki ji daga bakina kafin ki ji a wurin Inna.”

Zalihatu ta ji abin nan ya taso mata, bai canza ba, nan dai inda ya saba tokarewa. A makon da ya wuce likitar ta gaya mata Nazir zai iya kaiwa girma yana shan nasa. Ta ci gaba da juya albasar da ke hannunta har ya ɗan lafa.

“Barka,” ta ce. “Allah Ya sa an rabu ke nan.”

“Amin. Shi fa?”

“Yana nan. Gobe suna da wasa da yaran Liberté, tun jiya yake wanke safar hannu.”

“Da ƙarfe nawa?”

“Bayan la'asar, a filin bayan lekol.”

Balaraba ta ce za ta gani, in mijinta bai fita da Yasmin ba. Wata mata ta tsaya tana taya albasa da Dioula, Zalihatu ta miƙe ta ɗauki kwanon awo. Balaraba ta matsa kan bencin, ta naɗe hannun rigarta, ta jawo kwandon ta ci gaba da ware masu tsiron.